Daga Zauren Fatoma Zuwa Kantar Otal: Waiwaye Kan Haƙƙin Baƙo a Ƙasar Hausa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, musabbabin wannan rubutu kwana biyu ne kacal da na yi a wani otal, lokacin da aka gayyace mu taron ƙara wa juna sani na malaman Islamiyya a ɗaya daga cikin manyan biranenmu na Arewa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin ba tonon silili na zauna yi ba. Na isa bayan isha'i a gajiye, na yi sallama a kanta har sau biyu, amma saurayin da ke wurin idonsa na kan wayarsa, sai kawai ya turo mini takarda da biro. Na biya kuɗin kwana biyu cif, aka miƙo mini makulli. Da na shiga ɗaki na murɗa famfo domin in yi alwala, sai iska. Babu buta, babu darduma, babu wata alamar alƙibla. Wajen ƙarfe goma sha biyu aka kashe janareta, fanka ta tsaya, sauro ya karɓi aiki. Da hasken waya na karanta wata takarda da aka manna a bayan ƙofa, wadda ke sanar da baƙo, cikin Turanci, cewa masu otal ba su da alhakin duk wani abu nasa da ya ɓace.

Wannan takarda ce ta hana ni barci fiye da sauron, domin ta tuna mini da zauren kakana a nan Mashi. Garinmu yana kan hanyar Katsina zuwa Daura. A sarauta ƙasar Katsina muke, ƙarƙashin Iyan Katsina, amma ƙafarmu ba ta rabuwa da Daura da Mai'aduwa. Na taso na iske zauren nan ba ya rasa baƙo a daren kasuwa: masu awaki, masu kanwa, masu tabarmi, wasu daga tsallaken iyaka. Mu yara aikinmu shi ne kai ruwa a buta da ɗauko akushi. Abin da ya fi zama a raina shi ne yadda baƙo kan kwance lalitarsa ya miƙa wa tsohon ba tare da an ƙirga ba, a kai cikin gida, da safe a dawo masa da ita. To yaya aka yi muka tashi daga gidan da ake karɓar lalitar baƙo kyauta, muka iso gidan da ake karɓar kuɗinsa sannan a rubuta masa cewa ba ruwan kowa da kayansa? Da na dawo gida sai na shiga bincike, ga kuma abin da ya sawwaƙa.

Bari mu fara da maƙwabtanmu. Duk ɗan firamare ya san labarin Bayajida, amma mun fi riƙe wajen takobi da kan macijiya, muna mantawa da cewa tun farkonsa labarin masauki ne. Baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce babu, domin macijiyar da ke rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya ari guga ya nufi rijiya, sauran kuma sananne ne. Masana tarihi sun daɗe suna taƙaddama a kan wannan riwaya, wasu na ganin ta ishara ce ga sauyin mulki daga hannun mata zuwa maza, ni kuma ba alƙalancin wannan na zo yi ba. Abin lura a wurina shi ne yadda mutanen da suka adana labarin suka ɗauki baƙunci. Tsohuwa ce, mace, da dare, ta buɗe wa namijin da ba ta sani ba, kuma riwayar ba ta tsaya yin mamakin haka ba, domin a wurinsu ba abin mamaki ba ne. Abin da aka ɗauka matsala shi ne a ce baƙo ya nemi ruwa a rasa. Da nake tsaye gaban busasshen famfon nan na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe har yanzu macijiyar tana nan, sai dai ta koma cikin tankin ruwa.

Musulunci da ya zo bai iske mu ba mu san baƙo ba, amma ya ɗauke al'amarin daga matsayin kunya da kara ya mai da shi ibada mai iyakoki. Alƙur'ani ya kawo ƙissar baƙin Annabi Ibrahim (AS) a Suratu Hud da Suratuz Zariyat, malaman tafsiri irin su Ibnu Kasir kuma suka ciro ladubba daga cikinta ɗaya bayan ɗaya: ya amsa sallama da wadda ta fi ta, ya sulale cikin gida ba tare da ya tambaye su ko suna jin yunwa ba, bai jinkirta ba, ya kawo mafi kyawun abin da yake da shi, wato gasasshen ɗan maraƙi mai ƙiba, ya matso da shi gabansu maimakon ya ce su taso, sannan ya yi musu tayi da lafazi mai taushi. A Suratul Kahfi kuma an ambaci mutanen wata alƙarya da Annabi Musa (AS) da Halliru suka nemi abinci wurinsu suka ƙi saukar da su, abin ya zama tabo a kansu da ake karantawa duk Juma'a. A hadisin Abu Shuraih (RA) da Bukhari da Muslim suka fitar, Manzon Allah (SAW) ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, ya bayyana cewa yini da dare na farko na karramawa ta musamman ne, liyafa kwana uku ce, abin da ya haura haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Ka ga an tsare ɓangarorin biyu. Hausawa suka dunƙule na farko suka ce baƙonka Annabinka, suka dunƙule na biyu suka ce baƙo raɓa ne.

Tun a Madina kuma abin ya fara zama aikin hukuma. A shekara ta 9 bayan hijira, wadda ake kira shekarar tawagogi, malaman sira sun ambaci cewa a gidan Ramlatu 'yar Haris ake saukar da da yawa daga cikin wakilan ƙabilu, Bilal (RA) kuma shi ke kula da hidimarsu. Ɗabari ya ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi halifanci daga shekarar 717 zuwa 720 ta Miladiyya, ya rubuta wa gwamnansa na yankin Samarƙandu ya gina masaukai a kan hanyoyi, duk Musulmin da ya ratso a saukar da shi yini da dare, a kula da dabbarsa, mara lafiya a ba shi kwana biyu, wanda guzurinsa ya yanke a ba shi abin da zai kai shi gida. Ka lura da ambaton dabba, za mu sake haɗuwa da ita a zangon fatake.

A nan akwai wata mas'ala da ban san da ita ba sai a wannan bincike, kuma ita ce ƙashin bayan maganata. Malamai sun saɓa a kan hukuncin liyafa. Laisu ɗan Sa'ad yana ganin wajibi ce, jamhur suna ganin sunna ce mai ƙarfi. Amma an ruwaito daga Imam Malik cewa ba ta hau kan mutanen birni ba, Sahnun kuma, mai Mudawwana, ya bayyana dalili: tana kan mutanen ƙauye ne, domin a birni akwai funduƙi inda matafiyi zai sauka. Funduƙi shi ne masaukin haya, kalmar ma asalinta daga Girkanci Larabawa suka aro ta, kuma har yau da ita suke kiran otal. Sahnun ya rasu a shekarar 854. Ke nan fiye da shekara dubu da ɗari da suka wuce malaman mazhabarmu sun san otal, ba su ɗauke shi gidan banza ba, har ma sun sauke wani nauyi daga wuyan mutanen birni saboda samuwarsa. A fahimtata, wannan yana nufin mai otal yana tsaye ne a madadin dukkan mutanen gari. Saboda shi ne attajirin birni yake rufe ƙofarsa ya yi barci ba tare da zunubin matafiyi ba. Idan kuwa funduƙin ya zama wurin da ba ruwa, ba aminci, ko wurin da mutumin kirki ke jin kunyar a gan shi, to ina hujjar sauke nauyin ta tsaya? Wannan tambaya ce nake miƙa wa malamaina, ba fatawa ba.

Mu dawo ƙasar baƙar fata. Ibnu Baɗuɗa ya taso daga Sijilmasa a farkon shekarar 1352, ya ratsa Sahara wata biyu kafin ya isa Walata. Ya ba da labarin wani mutum da ayari ke ɗauka haya, ana ce masa takshif, wanda ke riga su isa gari da wasiƙu domin abokan hulɗarsu su kama musu gidaje, kuma su fito tarbarsu da ruwa tafiyar kwana huɗu. Nasu ayarin miskali 100 na zinariya suka biya shi. Wato kama ɗaki tun kafin a iso ba da wayar salula ya fara ba. Sai dai Ibnu Baɗuɗa baƙo ne mai wuyar sha'ani. Da aka kawo musu liyafa a Walata, dakakken gero da ɗan zuma da nono a ƙwarya, abin da mu za mu kira ɗan'uwan fura, sai ya raina har ya yi nadamar zuwa. A birnin Mali ma da Mansa Sulaiman ya aiko masa da gurasa uku da soyayyen naman sa da ƙwaryar nono, dariya ya yi, domin ya sa ran riguna da dukiya. Daga baya ya kai kuka gaban sarki aka ba shi gida da abin masarufi. Ina karanta wannan ina jin haushinsa, ina kuma tuhumar kaina, kada in zama irinsa a kan famfo. Amma shi ɗin dai ya yi adalci a wani wuri: ya yaba musu da cewa matafiyi ba ya tsoron ɓarawo a ƙasarsu, kuma idan baƙo ya mutu ba sa taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai su damƙa ta ga amintacce har magajinsa ya zo.

Riƙe wannan ka kwatanta da abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa a Kitabul Farƙi cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa, inda ya haɗa da cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da ɗora wa fatake da matafiya haraji. Bayan jihadi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, a ciki ya sanya gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan shugaba. Lafiyar matafiyi tana cikin abin da aka yi jayayya a kansa a ƙasar nan, ba ƙawa ba ce.

To wane ne mai otal na ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa? Shi ne fatoma, kalmar da masana harshe ke dangantawa da Barebari, ma'anarta mai gida. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ƙarƙashin madugu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka shahara da wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Inda ayari ya yada kaya shi ne zango, kuma yawancin zangunan nan sun zama garuruwa da unguwanni. Ga Zangon Daura nan kusa da mu, ga Zangon Katab, ga unguwannin Zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana inda Hausa ke tashi har gobe.

Aikin fatoma ya wuce bayar da ɗaki. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ba dabbobinsa turke da harawa, ya adana kayansa a ɗakin ajiya, ya yi masa tafinta idan ba ya jin harshen gari, ya gaya masa farashin yau, ya haɗa shi da dillali, ya raka shi gaban sarki ko alƙali idan ta kama. Idan aka sayi kayan baƙo bashi, fatoma ne ke tsayawa lamuni, domin shi ya san wanda ke biya da wanda ke cinyewa. A bisa al'ada kuma ba kuɗin ɗaki yake karɓa ba, abincinsa yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla a gidansa. Nan sirrin yake, ya ɗan'uwa. Ba wai mutanen da duka waliyyai ba ne. Tsarin ne aka gina ta yadda ribar mai masauki ba ta samuwa sai baƙo ya ci riba, kuma baƙon nan zai dawo baɗi, zai kuma ba da labari a kowane zango tsakanin nan da Salaga. Fatoman da ya ci amanar mutum ɗaya ya rasa ayari guda. Jarinsa sunansa ne. Mai otal na yau kuwa ya karɓi kuɗinsa tun kafin ka ga ɗakin, kuma ya san mai yiwuwa ba zai sake ganinka ba har abada.

Irin wannan tsaron suna shi ne Hugh Clapperton ya gani a kasuwar Kano a shekarar 1824. Ya rubuta cewa ana sanya sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, ta yadda ko an kai ta Barno aka kwance aka ga aibi, za a dawo da ita, dillali ya nemo mai ita a mayar da kuɗi. Shi kansa Clapperton da ya isa Sakkwato a wannan shekara, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya ɗauki nauyin saukarsa.

Kada kuma in yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a watan Janairu na 1851 ta hanyar Tasawa da Gazawa, kuma bai ji daɗin saukarsa ba. An ba shi masauki, amma Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki, sai da ya ƙara kyauta a kan wadda ya bayar sannan aka sallame shi ya wuce Kano, inda nan ma ya koka da duhun ɗakin da aka sauke shi ga zazzaɓi ga bashi. Ana iya yi wa sarki uzuri: baƙo ne Nasara, ya fito ta ɓangaren da ke hannun mutanen Maraɗi, waɗanda ke yaƙi da Katsina a lokacin. Duk da haka darasin a fili yake, cewa a wancan tsari baƙon da ba shi da kaya masu tsoka ko wasiƙar wani babba yana iya zama abin tatsa. Kuma wajibi ne a faɗa, da yawa daga cikin masu ɗebo ruwa da daka da dafa tuwon gidajen fatoma bayi ne, a wasu gidajen ma bayin suna cikin hajar da ake ajiyewa. Duk mai begen jiya ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya mota ta karɓe aikin jaki. Tafiyar wata uku ta koma ta kwana uku, zanguna da yawa suka mutu a tsaye. Amma fatoma bai mutu nan take ba, sai ya bi layin dogo. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya iske fataucin shanu da goro kacokan a hannun masu gida yake: su ke saukar da mai shanu daga Arewa, su ciyar da shi, su tsaya masa lamuni a wurin mahautan Yarbawa. Har yau duk wanda ya shiga kara a manyan kasuwannin dabbobi zai ji ana cewa wane mai gidan wane ne.

A gefe guda kuma wani sabon masauki ya tsiro wanda ba daga zaure ya fito ba. Turawan mulki sun sa an gina musu gidajen saukar jami'ai a garuruwan hakimai domin rangadi, a bayan gari, nesa da mutane, talakawa ke aikin ginin da kawo ruwa da itace. Wurin zaman Bature shi ake kira bariki, kuma ka san abin da kalmar nan ta koma nufi a bakin Bahaushe: ɗan bariki, zaman bariki, idon bariki. Otal-otal na farko a garuruwanmu sun taso ne a Sabon Gari da gefen tasha, tare da giya da kiɗa da abin da ke biye da su. Daga baya gwamnatoci suka gina manya domin baƙin hukuma, irin su Hamdala a Kaduna, da Durbar da aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, da Daula a Kano. Amma tabon farko bai goge ba. Na san dattawan da har suka koma ga Allah ba su taɓa taka ƙofar otal ba, kuma idan aka ce an ga ɗan wane a otal, ba a tambayar me ya kai shi.

A ganina nan ne muka yi babbar asara. Da malamai da mutanen kirki suka ƙaurace wa wannan sana'a, sai ta tashi ba tare da ladubban zaure ba, ba kuma tare da fiƙihun funduƙi ba. Muka aro gini da kanta da makulli, muka baro tarbiyyar ma'aikata da sa ido da ke tafiya da su a inda aka aro su. Da aka dawo da shari'a a jihohinmu daga shekarar 2000, an mai da hankali a kan giya da baɗala a otal-otal, kuma wannan daidai ne. Sai dai hisba a littattafan magabata ta haɗa da mudu da sikeli da algus a ciniki. Wanda ya karɓi kuɗin ɗaki mai ruwa da wuta ya ba da ɗaki mara ruwa da wuta, me ya raba shi da mai tauye mudu? Ta fuskar doka ma ba a ɗaure hannun jihohi ba, domin a shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, ta yanke cewa rajista da tsara matsayin otal-otal hurumin jihohi ne.

Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa haya sayar da amfani ce, kuma dole amfanin ya zama sananne kamar yadda kuɗin yake sananne. Idan janareta ƙarfe goma sha biyu ake kashewa, a faɗa a kanta kafin a karɓi kuɗi. Wanda ya yarda ya yarda, ba a cuce shi ba. Ɓoyewar ita ce matsala. Game da takardar bayan ƙofa kuwa, adalci shi ne in ce ba ƙarya ce zalla ba, domin a fiƙihu wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma takarda ba ta wanke sakaci. Ƙofar da sakatarta ta lalace, ko makullin da ke da na biyu a hannun wanda ba a tantance ba, ba a kawar da alhakinsu da rubutun Turanci. Malikawa ma sun ɗora wa masu sana'ar da suka kafa kansu domin jama'a, kamar maɗinki da marini, biyan abin da ya salwanta a hannunsu, saboda maslahar mutane. Ko za a yi ƙiyasin mai otal a kansu, wannan ma na bar wa manya.

Ban so in rufe labarin otal ɗin nan ban ambaci mutum ɗaya ba. Da asuba, ina tsaye a baranda ina tunanin taimama, sai ga wani dattijo mai gadi, daga jin harshensa mutumin Damagaram ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, ruwa kake nema?" Kafin in amsa ya juya, sai ga shi da bokiti cike da butarsa ta kansa, ya nuna mini gabas, ya ce in na fi son jam'i akwai masallaci bayan katanga, zai buɗe mini ƙaramar ƙofa. Da na miƙa masa ɗan abin da ya sawwaƙa sai ya noƙe, ya ce, "Haba Malam, ai kai baƙonmu ne." Albashinsa na tabbata bai kai kuɗin da na biya na 'yan kwanaki a ɗakin ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shi ya haɗa mini duka biyun, a gidan da ba nasa ba.

Sannan akwai abin da ya sa na daina ɗaga murya a kan saurayin kanta. Zauren kakana yana nan, ni ne ma nake zaune a gidan, amma yau babur da buhunan taki ne a ciki, kuma da kwaɗo yake kwana. Da damina da ta wuce wani mutum ya tsaya bayan sallar isha'i a masallacin unguwarmu, ya ce motarsu ce ta lalace a hanyar Daura, yana neman inda zai kwana. Muka dubi juna. Kowa ya san halin da jiharmu ta shiga na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, kuma an sha gargaɗin mutane a kan saukar da wanda ba su sani ba. Ni ne na ce masa ya je tasha ya nemi shugabannin direbobi. Ya yi godiya, ya ɗauki jakarsa ya fita cikin yayyafi. Tsoronmu ba na banza ba ne, kuma ko yau ba zan ce wa kowa ya buɗe gidan iyalinsa ga wanda bai sani ba. Amma Mashi ba birnin da Sahnun yake nufi ba ne, kuma ni na karantar da hadisin Abu Shuraih a aji fiye da sau goma.

Bayan na dawo daga wancan taro na kai maganar gaban kwamitin masallaci. Shawarar da na kawo ita ce a gyara ɗakin da ke jikin masallaci inda ake tara tsofaffin tabarmi, a sa masa ƙofa mai kyau da gidan sauro da buta da randa, a ajiye littafi da za a rubuta sunan baƙo da garinsu da lambar wayarsa, a sanar da mai unguwa duk daren da aka saukar da wani, kwana uku kuma shi ne iyaka. Rubuta sunan baƙo ba baƙon abu ba ne, Ibnu Baɗuɗa ya ga ana yin haka a masaukan ƙasar Sin, ana ƙirga baƙi da dare a kira sunansu da safe, ya kuma yaba. Liman ya goyi baya, mutum biyu sun ƙi, suna cewa in wani abu ya faru wa zai amsa a gaban hukuma, kuma tambayarsu tana kan hanya. An tsayar da cewa za a je a ji ta bakin mai unguwa da jami'an tsaro tukuna. Zuwa yanzu dai an fitar da tabarmin, wani bawan Allah ya ba da buhun siminti biyu, ni kuma na ɗauki nauyin ƙofa.

Allah ne mafi sani.